Muhawara: karatun ciyaman da hakimi yana ƙarewa ne ranar da aka ba su kujera?

Ɗan Autan Zaure:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Kullum ana cewa shugaba ya riƙa neman ilimi har ya koma ga Mahaliccinsa. Amma abin da ido ke gani shi ne a kwashi ciyamomi da kansiloli zuwa otal kwana uku, a raba jaka da alawus, a ɗauki hoto, a dawo. Kasuwa na nan da juji a ƙofarta. In wannan ne neman ilimin, ni ban ga amfaninsa ba. Kuma wai me ciyaman zai koya wanda ma'aikatansa ba su riga sun sani ba? Ba don haka ake biyan su albashi ba?

Tsohon Ma'aji:
Wa alaikumus salam. Ɗan Auta, ka haɗa abu biyu ka kira su da suna ɗaya. Taron otal daban, karatun shugaba daban. Bari in fara da tambayarka ta biyu.

Ma'aikaci yana rubuta takarda, amma ciyaman ne ke sa hannu. Ranar da odita ya zo, ko hukumar EFCC ta aiko da gayyata, sa hannun ake bi, ba a tambayar wa ya buga takardar. Saboda haka akwai takardu huɗu da duk ciyaman ya kamata ya iya karantawa da kansa, ba a karanta masa ba.

Ta farko kasafin kuɗin shekara, ya san nawa aka ware wa kowane sashe. Ta biyu littafin kashe kuɗi na sashe, inda ake rage kowace bauca, wato takardar biyan kuɗi, daga abin da aka ware. In ba a duba shi, sai a watan Agusta a tarar an cinye kason shekara, a fara ɗibar kuɗin lafiya ana biyan na tafiye-tafiye. Ta uku takardar daidaita lissafi tsakanin littafin ma'aji da bayanin banki, wadda ya kamata a yi kowane ƙarshen wata. A nan ɓarna ta fi ɓuya. In ka ga cak ɗin da aka ce an rubuta tun wata shida bai je banki ba, ko kuɗin da aka ce an zuba amma banki bai nuna ba, to ka tsaya a nan ka yi tambaya. Ta huɗu jerin sunayen masu albashi. A kwatanta na wannan wata da na watan jiya, duk sunan da ya ƙaru a nemi takardar ɗaukarsa aiki, duk wanda ya rasu ko ya yi ritaya a ga ranar da aka cire shi.

Mai takardar sakandare zai iya koyon waɗannan cikin wata biyu, in zai zauna da ma'aji da odita na cikin gida awa biyu kowane mako. Abin da ke hana shi ba wahalar lissafi ba ce. Kunyar a ga bai sani ba ce.

Ɗan Autan Zaure:
Baba Ma'aji, to in ya koya cikin wata biyu ai ya gama ke nan. Ina maganar har ƙarshen rayuwa ta shigo?

Lauyan Zaure:
Ta shigo ne ta ƙofar doka, ƙanina, don doka ba ta zama wuri ɗaya. Ɗauki wanda ya san aikin ƙaramar hukuma sarai a shekarar 2005, ya tafi, ya dawo yau. A 2007 aka yi dokar sayen kaya da ba da kwangila ta tarayya, jihohi kuma suka bi da nasu. A 2014 dokar lafiya ta ƙasa ta kafa asusun da ke tura kuɗi zuwa ƙananan asibitoci. A 2019 hukumar NFIU mai sa ido kan zirga-zirgar kuɗi ta fitar da ƙa'idar da ta taƙaita cirar tsabar kuɗi daga asusun ƙaramar hukuma zuwa naira 500,000 a rana. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma ce kantoman riƙo ba shi da gurbi a tsarin mulki. Aiwatar da hukuncin na tafiyar hawainiya, amma ma'anarsa a fili take: gwargwadon yadda kuɗi ke zuwa hannun ciyaman kai tsaye, gwargwadon yadda uzurin "jiha ce ta riƙe" ke raguwa.

Kuma kason ba ƙarami ba ne. Kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya na ƙananan hukumomi ne, ban da kashi 35 na harajin VAT.

Wani abin mamaki, jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999, wanda ya jera ayyukan ƙaramar hukuma, bai kai shafi biyu ba. Kasuwanni, tasha, mahauta, maƙabarta, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sanya wa tituna suna, harajin gidaje. Ku tambayi kansiloli goma ko sun taɓa karanta shi.

Baba Wakili:
'Ya'yana, ina jin ku. Amma kada ku mayar da mulki karatun takarda. Mulkin jama'a haƙuri ne da sanin mutane: wane gida ne ba ya ga maciji da wane, wa za a tura ya yi magana a ji, yaushe za a yi shiru. Wannan ba a makaranta ake samun sa ba, a zaure ake samun sa, wajen zama da manya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Malam Na-Kongo:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abin da ka faɗa gaskiya ne, kuma shi ma karatu ne, zaman zauren. Sai dai manyan da muke kafa hujja da su ba su tsaya a zaure kaɗai ba.

Lokacin da Abdullahi ɗan Fodiyo ya sauka Kano a farkon shekarun jihadi, mutanen da mulki ya faɗo hannunsu malamai ne, sun yi karatu mai zurfi. Duk da haka suka roƙe shi ya rubuta musu littafi a kan yadda ake gudanar da hukunci da mulki, ya kuma rubuta. Ba su ce mun riga mun sani ba. Muhammadu Bello yana kan gadon sarautar Musulmi har rasuwarsa a 1837 bai ajiye alƙalami ba, yana rubuta wa sarakuna wasiƙun nasiha a kan mulki. Nana Asma'u kuwa ta kafa tsarin 'yan taru, jajis, wato matan da ke jagorantarsu, suna zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma ƙauyuka su koyar da matan aure da tsofaffi, mutanen da a yau za a ce lokacin karatunsu ya wuce.

A zamanin En'e ma haka. Makarantar horar da akawuna da aka buɗe a Zariya a 1947 ita ce ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo a 1954, kafin ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Waɗanda ake turawa can ba yara ba ne. Ma'aji ne da akawu da alƙali, masu gemu da iyali, a ɗauke su daga bakin aiki su yi kwas su koma. Soja har gobe haka suke: hafsa ba ya hawa wani matsayi sai ya ratsa kwalejin horar da hafsoshi ta Jaji, wadda aka kafa a 1976. Manyan ma'aikata suna da kwalejin horar da su da ke Badagiri tun 1973, da cibiyar nazarin manufofi da ke Kuru tun 1979. Obasanjo bayan ya sauka daga mulki ya koma Buɗaɗɗiyar Jami'a, ya karɓi digirin digirgir a 2018, yana da shekara tamanin da ɗoriya.

Wurin da ya fi kusa da talaka, wato kansila da ciyaman da dagaci, shi ne kaɗai aka bari babu tsani. Yau ka ci zaɓe, gobe kana sa hannu a kan miliyoyi.

Baba Wakili:
Malam, na karɓa. Gemu ba ya hana ilimi. Amma ka faɗa mini abin da dagaci zai karanta a takarda wanda zai hana manomi da makiyayi faɗa.

Ɗan Maraɗi:
Baba, ranka shi daɗe, bari in amsa daga wannan ɓangaren iyaka, don nan ne aka gwada abin a aikace. A Nijar tun 1993 akwai dokar tsarin karkara, wadda ta kawo kwamitocin ƙasa da muke ce ma kofo, daga na ƙauye zuwa na kwamin, wato ƙaramar hukuma, zuwa na gunduma. A ƙauye mai gari ne ke shugabantar kwamitin, kuma akwai wakilin manoma da na makiyaya da na mata a ciki. Aikin da mai gari ya gada daga kakanninsa na shaidar gona bai canza ba. Abin da ya ƙaru shi ne rubutu.

Takardar saye daban, ta kyauta daban, ta aro daban, ta haya daban, ta jingina daban, ta gado daban. Mai garin da bai koyi bambancinsu ba sai ya cika takardar saye a kan gonar da aka bada jingina. Bayan shekara goma sha biyar mai gona ya rasu, 'ya'yansa su zo fansa da kuɗinsu a hannu, a fito musu da takardar da ta ce an sayar. Daga nan sai kotu, wani lokaci sai jini. Kuskuren layi ɗaya ne.

Na biyu, iyaka. In an rubuta "daga gawo zuwa tsamiya", ranar da aka sare gawon iyaka ta tafi. A rubuta sunayen maƙwabta na gabas da yamma da kudu da arewa, su sa hannu ko su dangwala, a auna tsawo da faɗi da mita, in da hali a ɗauki lambar wurin da waya. Na uku, sulhu. In mai gari ya sasanta mutane, a rubuta abin da aka daidaita a kai, kowa ya samu kofi. Sulhun baki yana mutuwa tare da shaidunsa. Na huɗu, ranar sakin gonaki bayan girbi: hukuma ke sa ta kowace shekara, kuma in mai gari bai sanar da ita a kan lokaci ba, ko ya bari aka shuka a kan burtali, shi ya kunna wutar da zai zo yana kashewa.

Haƙurin da Baba ya faɗa shi ke zaunar da mutane a tabarma ɗaya. Takardar ce ke hana jikokinsu tayar da maganar.

Lauyan Zaure:
A Najeriya ma akwai makamancin wannan, sai dai an bar shi a littafi. Dokar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bada takardar mallakar gargajiya a filin da ba na birni ba, har hekta 500 don noma, hekta 5,000 don kiwo. Abin da ya haura haka sai da amincewar gwamna. Hakimi da dagaci shaidu ne, ba su ne masu bada mallaka ba. Dagatai da yawa suna rasa rawaninsu a kan wannan, suna sa hatimi a takardar cinikin fili suna zaton ita ce mallakar.

Hajiya Malama:
Ina so in koma kan ƙorafin Ɗan Auta, don yaron nan bai yi ƙarya ba. Yawancin tarukan bita asarar kuɗi ne, kuma dalilan a bayyane suke.

Ana zaɓar wanda zai je ne don alawus, ba don aikin da yake yi ba. Sai a tura direban mai gida taron koyon tsara kasafi. Ana koyar da mutum ɗari biyu a ɗaki ɗaya da turancin da rabinsu ba sa bi, da allon majigi, ba wanda ya taɓa takarda ta gaske da hannunsa. In ya dawo ba mai tambayarsa me ya koya. Wanda aka yi sa'a ya koya kuwa, bayan wata uku sai a yi masa canjin wurin aiki zuwa sashen da ba ruwansa da abin.

Gyaran ba ya buƙatar sabon kuɗi, don akwai kashi ɗaya cikin ɗari da ake cirewa daga kason ƙananan hukumomi da sunan horar da ma'aikata. Kafin a tura kowa, a rubuta matsalar da ake so a magance da jimla ɗaya, misali "rahoton kuɗi na wata yana makara da mako uku". A tura mutum biyu daga sashen, ba ɗaya ba, don in ɗaya ya tafi ɗaya na nan. Kada aji ya wuce mutum ashirin da biyar. Su je da fayil ɗinsu na gaske su yi aiki a kansa. Cikin mako biyu da dawowa su tara abokan aikinsu su koya musu, da Hausa. Bayan kwana casa'in a duba: rahoton ya daina makara ko bai daina ba? In bai daina ba, kada a sake biyan wannan mai horarwar.

Shi kuma shugaba ya zauna a ajin har a tashi. Ciyaman da zai buɗe taro ya yi jawabi ya fice da 'yan rakiyarsa ya riga ya gaya wa kowa cewa karatun na yara ne.

Ɗan Autan Zaure:
Hajiya, Allah ya saka. Amma har yanzu ina ganin shugaba mai hankali zai iya ɗaukar ƙwararru ya huta. Ba dole ya zama injiniya da likita da akanta ba.

Injiniya:
Ba wanda ya ce ya zama injiniya. Ya san tambayoyi shida da injiniya ba zai iya kauce musu ba, shi ke nan. Ɗauki rijiyar burtsatse, tunda ita ce aikin da kowane kansila ke alkawari.

An yi binciken ƙasa kafin haƙa? A yankin da ke kan dutse, kamar yawancin Kano ta kudu da Katsina da Zariya, ruwa a tsagar dutse yake, kana iya haƙa nan ka samu, ka matsa taku hamsin ka tashi a tutar babu. A ƙasar Sakkwato da yankin Tafkin Cadi kuwa yashi ne da laka, ruwan na shimfiɗe, amma zurfi da rushewar rami su ne matsala. Wanda bai san wannan ba zai yarda a haƙa a ƙofar gidan mai unguwa don a faranta masa.

Mita nawa aka haƙa, wa ya auna? Ana biyan mita sittin a haƙa arba'in. A ƙirga bututun da aka zura, kowanne tsawonsa sananne ne, a gaban wakilin gari. A wane wata aka haƙa? Rijiyar da aka gwada a Satumba, ƙasa cike da ruwan damina, tana iya ƙafewa a Afrilu. An yi gwajin jan ruwa na awoyi, an rubuta lita nawa take bayarwa? An kai ruwan ɗakin gwaji? Sannan wa zai gyara in ta lalace? Famfon tuƙa-tuƙa an yi shi ne don mutum ɗari biyu da hamsin zuwa ɗari uku. In ƙauyen mutum dubu ne, robobin ciki za su cinye cikin watanni, kuma in ba kwamiti da ɗan asusun gyara, ya zama turken ɗaure awaki.

A gini ma haka. Kankare na yau da kullum kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Buhun siminti ɗaya wajen bulo talatin mai inci tara ya kamata ya fitar. In ya fitar da hamsin, ka murza da yatsa ka ga yana zuba. A riƙa ba shi ruwa kwana bakwai. Kuma kada a biya ɗan kwangila duka ranar miƙa aiki: a riƙe kashi biyar cikin ɗari har wata shida, ya ga damina ɗaya in da hali. Kuɗin somin aiki kuma a karɓi takardar da banki ya tsaya wa ɗan kwangila kafin a bayar.

Duk wannan yini ɗaya ne a bakin aiki tare da injiniya mai gaskiya. Amma fasahar na sauyawa. Shekara ashirin baya ba a maganar famfo mai aiki da hasken rana a ƙauye, yau shi ake yayi, kuma shi ma da nasa wuraren ha'incin: faranti mai ƙaramin ƙarfi da aka manna wa takardar babba, ko famfon da ya fi ƙarfin ruwan rijiyar ya ƙone kansa.

Jami'ar Lafiya:
In ƙara a kan na Injiniya. Asusun lafiya da Lauya ya ambata, aƙalla kashi ɗaya ne cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, kuma wani kaso nasa yana shiga asusun asibitin mazaɓa kai tsaye. Kwamitin raya mazaɓa yana da baki a kan yadda za a kashe shi. Kansila ko dagacin da bai san da wannan ba zai yi ta kai kuka sakatariya a kan rufin da ke yoyo, alhali kuɗin gyaran na iya kasancewa a asusun asibitin, ko an kashe ba wanda ya tambaya.

Kuma batun shan inna ya isa misali. A 2003 aka dakatar da rigakafi a wasu jihohin Arewa saboda shakku, cutar ta bazu har ƙetare. Abin da ya juya lamarin, sarakuna sun zauna sun saurari bayani, sun yi tambayoyi, sun gamsu, sannan suka fito. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, hakimai da masu unguwanni suka koyi yadda ake bin gida-gida da lissafin yaran da aka tsallake. A Agustan 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Da sun ce sarauta ta fi ƙarfin zama a koya mata, da wani labarin ake yi.

Tsohon Ma'aji:
Ɗan Auta, ga haɗarin dogaro da ƙwararru kaɗai. Shugaban da bai san komai a kan aikin ba, ba ya iya bambance ƙwararre da mai daɗin baki. A hankali sai mai daɗin baki ya kori ƙwararren, don shi ne ba ya kawo labari mara daɗi. Shekara ɗaya ta isa ofis ya cika da 'yan amshin shata.

Malam Na-Kongo:
Wannan ita ce cutar da ta fi kashe karatun shugaba, ba rashin lokaci ba. Daga ranar da aka fara ce masa "ranka ya daɗe", gyara ya daina isa kunnensa. Dole ya gina hanyar da gyaran zai bi, da gangan.

Hanya mafi sauƙi ita ce bitar bayan aiki, wadda soja suka daɗe suna yi. An gama rabon taki, ko karɓar harajin kasuwa na wata uku, ko an sha ambaliya. Cikin mako guda a tara waɗanda suka yi aikin da hannunsu, kada su wuce goma sha biyu, awa ɗaya. Tambaya huɗu: me muka yi niyya, me ya faru, me ya kawo bambancin, me za mu sauya. Ƙaramin ma'aikaci ya fara magana, shugaba ya zama na ƙarshe, don in ya fara kowa zai bi sahunsa. Ba a hukunta kowa a wannan zama. In aka taɓa korar mutum saboda abin da ya faɗa a ciki, an rufe ƙofar ke nan har a sauka. A rubuta shafi ɗaya a sa a fayil, a ciro shi kafin a sake irin aikin baɗi.

Inda abin ke lalacewa: a mayar da shi taron yabon mai gida, ko a rubuta shafin a ajiye ba a sake buɗewa.

Ɗan Maraɗi:
Malam, ka taɓo ambaliya. Hukumomin hasashen yanayi na ƙasashen biyu suna fitar da hasashen damina tun kafin ruwa ya sauka. A Najeriya NiMet na fitarwa a farkon shekara, da ranar da ake sa ran faɗuwar ruwa da tsawon damina ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, hukumar kula da koguna kuma ta fitar da jerin wuraren da ambaliya ke barazana. Shugaban da zai karanta shafin yankinsa kaɗai, minti ashirin, zai san ko ya sa a yashe magudanai a watan Mayu, ko ya shawarci manoma su nemi iri mai saurin nuna. Abin da ya faru a Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle ya isa ya sa kowane hakimi da ke ƙasan madatsa ya nemi sanin halin da tasa ke ciki.

Hajiya Malama:
Tunda ana son abu a aikace, ga lissafin lokaci. Awa huɗu a mako. Biyu tare da ma'aji ko shugaban wani sashe, ana bi da bi, takarda a gaba. Ɗaya ta karatu shi kaɗai, waya a kashe, bayan asuba ya fi, kafin ƙofar gida ta cika da masu neman alfarma. Ɗaya ta fita ba sanarwa: aji ɗaya, asibiti ɗaya, rumfar mai karɓar haraji ɗaya, ba jiniya. Awa huɗu sau mako hamsin, awa ɗari biyu ke nan a shekara. Taron otal na kwana uku, in ka cire buɗe taro da cin abinci da rufe taro, da ƙyar ya kai awa goma sha biyu.

Wanda bokonsa bai yi nisa ba kada ya ji kunya. Ya sa a fassara masa takardar da Hausa, a karanta a ɗauka a waya, ya saurara sau biyu. Amma mai fassarar kada ya zama shi ne mai neman sa hannun.

Baba Wakili:
Wannan ta ƙarshen ita ce magana, 'yata. Tun zamanin Turawa tafinta ke cin gari. To amma ku bar mini abu ɗaya: duk wanda zai hau kujera ya nemi wanda ya sauka daga kanta, ko da abokin hamayya ne, ya je har gida ya gaishe shi ya tambaye shi ina ramukan suke. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yanzu sai a rantsar da mutum ya shiga ofis ya tarar ko takardar miƙa aiki babu.

Lauyan Zaure:
Baba, takardar miƙa aiki wajibi ce a ƙa'idar aikin gwamnati, rashin tilastawa ne. Abin da ya kamata sabon shugaba ya nema a makon farko: bayanin kowane asusun banki da abin da ke ciki ranar miƙawa, jerin basussuka, kwangilolin da ba a gama ba da kason da aka biya, shari'o'in da ke kotu da ranar zamansu na gaba, rajistar kadarori har da motoci da lambobinsu, da rahoton odita na shekara biyu da suka wuce. Shari'o'in nan su ake mantawa. Sai a wayi gari kotu ta sa an riƙe asusun ƙaramar hukuma a kan ƙarar da ba wanda ya je ya kare.

Ɗan Autan Zaure:
Na ji, na kuma janye rabin maganata. Taron otal dai ina nan a kan bakana. Baba Ma'aji, in ba damuwa, takardar daidaita lissafin nan da banki ita ce ban gane yadda take ba. Ko za ka kawo misali da lambobi?

Tsohon Ma'aji:
A ce littafin ma'aji ya nuna saura naira miliyan 10 a ƙarshen wata, banki ya nuna miliyan 12. Bambanci miliyan 2. Sai a nemo dalilinsa ɗaya bayan ɗaya. An rubuta wa ɗan kwangila biyan miliyan 2.5 ranar 30 ga wata, bai fita daga banki ba tukuna: cire shi daga 12, saura 9.5. An zuba harajin kasuwa 400,000 da yammacin ranar ƙarshe, banki bai shigar ba: ƙara, ya zama 9.9. Banki ya cire cajinsa 100,000, ma'aji bai rubuta ba: cire shi daga 10 na littafi, ya zama 9.9. Sun haɗu. Watan gaba abu na farko da za ka duba, miliyan 2.5 ɗin nan ta fita, 400,000 ɗin nan ta shiga? In 400,000 ta sake bayyana a jerin "bai shiga ba" wata na biyu, ka aika a kawo maka rasit ɗin banki na asali, ba hotonsa ba.